Kyamarar da ta goge tsagen Inna

Wata rana na je shagon wankin hoto a Kaduna, zan karɓo hotunan sunan ɗiyar ƙanwata.

Ina zaune a kan benci ina jiran layi, sai ga wani bawan Allah ya shigo. Zai haura shekara hamsin, hula a karkace, da 'yar kyamara a tafin hannunsa.

Irin ƙananan nan ce masu shiga aljihu amma su yi aikin manya. Na san ta ciki da waje, don irinta nake ɗauka da ita.

Ya ce wa mai shagon mahaifiyarsa ce ta rasu watan jiya. Yana so a zaɓi hotonta guda ɗaya, a ƙara masa girma, a sa a firem ya rataye a falo. Yaransa ƙanana ne, ba ya so su tashi ba su san fuskar kakarsu ba.

Muka yi masa ta'aziyya.

Mai shagon ya zare katin kyamarar ya sa a kwamfuta, hotuna suka cika babban allo.

Ga tsohuwa nan a kan tabarma. Ga ta ranar salla. Ga ta da jikoki a cinya.

Fuska sumul kamar an shafa man shanu. Ba tamoji ko ɗaya, kuma har wani haske ta yi.

Mutumin ya matso. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Wannan ba Innata ba ce."

Ashe Bagobira ce. Tana da tsagen gidansu, layi-layi daga gefen baki har kusa da kunne. A hotunan kuwa duk sun dushe, sai ka ƙura ido sosai za ka ga alamarsu. Shi bai taɓa lura ba, don a ɗan gilashin bayan kyamarar yake kallo, ga idon ya fara rauni.

Mai shagon Bayarabe ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa. Ya buɗe baki zai tsokane shi, ya dubi fuskarsa, ya haɗiye maganar.

Ni dai tuni zuciyata ta ba ni. Na ce, "Malam, ara min kyamarar in duba."

Faifan da ke samanta, wanda ake murzawa a zaɓi yanayin ɗauka, yana kan Auto. Ya ce tun da aka kawo masa ita ko sau ɗaya bai shiga menu, wato jerin saitunanta, ba, an ce masa ya danna kawai.

Na shiga. Shafi na farko lafiya, na biyu lafiya. Can ƙasan wani shafi, inda ba wanda zai leƙa sai mai nema, na tarar da abin: gyaran fata. An kunna shi, an kai shi ƙarshe.

Na duba ko kyamarar tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba a taɓa ba, wanda da shi za a iya dawo da komai. An kashe.

Ke nan kowane hoto an dafa shi da wannan gyaran. Ba kwamfutar da za ta dawo da abin da aka share.

Na ce masa ni tawa ba haka ta zo daga kanti ba, wannan da hannu aka saita. Ya ce ƙaninsa Nazifi da ke aiki a Abuja ne ya sayo masa ita, shi ya shirya masa komai.

Nan take ya kira shi, ya sa wayar kowa na ji.

"Nazifi, kai ka sa wa kyamarar nan abin da ke goge fuska?"

"Au, wannan? Ni ne, Yaya. Ka san ina ɗora hotunan Inna a shafina na intanet, abokan aikina na gani. Gyara ta na yi."

"Gyara? Dama ta lalace ne?"





Wallahi raina ya ɓaci. Da a ce kuskure ne, da sauƙi, kowa na iya danna abin da bai sani ba. Amma mutum ya zauna, ya bi shafi-shafi, ya nemo wurin, ya kai shi ƙarshe, don kada 'yan ofis su ga fuskar da ta goya shi?

Fuskar da ya fara gani a duniya fa!

Su ma masu ƙera kayan ban bar su ba. Abin da zai canja kamannin mutum ku ɓoye shi a lungu, 'yar alamarsa a gilashi ba ta kai ƙwayar gero ba. Wa zai gani?

Kada wani ya zo min ƙasan rubutun nan da cewa ina so a koma yi wa jarirai tsage. Ban ce ba. Amma wadda aka riga aka yi wa, ta tsufa da shi, ta yi sujada da shi, wa ya ba ka izinin share mata?

Mutumin ya kashe wayar. Ya ce wa mai shagon ya bar aikin, ba zai rataye baƙuwa a falonsa ya ce wa yara ga kakarsu ba.

Mai shagon ya ce ya ɗan dakata, ya ci gaba da gangarawa ƙasa cikin hotunan.

Can sai ga wasu hotuna a jere, duk a karkace, rabinsu katanga ce da igiyar shanya. Mutumin ya ce, "Waɗannan ɓatattu ne. Faifan ne ya murɗe a aljihuna, ina dannawa ta kama tatata. Na so in goge su na manta."

Na duba bayanin hoton. Faifan ya faɗa kan yanayin ɗaukar masu gudu, wanda ke harba hotuna a jere. A wannan yanayin kyamarar ba ta da lokacin gyaran fata.

Na ce a buɗe na tsakiya.

Ga Inna. Ɗankwali ya zame, ta ɗaga muciya, baki a buɗe tana faɗa. Baƙa ce wuluk, ga tamojinta, ga tsagenta raɗau, ba wanda ya ɓace.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ya ce, "Cewa take in ajiye abin nan in zo in ci tuwo."

Mai shagon ya tambaye shi ko a daidaita karkatar, a ɗan rage duhun.

Ya ce, "Kada ka taɓa komai. Ka wanke guda biyu. Ɗayan Abuja za shi."

Darasi:

Kayanka, ka san cikinsa. Ka buɗe menu, ka bi shafukan, ka tambayi abin da ba ka gane ba. Duk wanda ya ce maka "na saita maka, danna kawai", ya zaɓa maka wani abu ne, kuma ba lallai abin da kake so ba.

Kai kuma mai jin kunyar fuskar iyayenka, ka ji tsoron Allah. Ranar da za ka neme ta ido rufe, wadda ka gyara za ka tarar.

In mahaifiyarka na raye, yau ka ɗauke ta yadda Allah Ya bar ta. Ka tura wannan ga zauren danginku, musamman ga wanda ke riƙe muku kyamara ranar taro.