Baba Leonard na Ɗakin Kwamfuta

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Baba Leonard a gida ba. Yana isa wata sakandare a Gwagwalada zai buɗe ɗakin kwamfuta, ya yaye ledojin da ya lulluɓe na'urorin da su, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa man janareta. Aikin da aka ɗauke shi ke nan. Ba malami ba ne.

Da aka yi shekara guda babu malamin kwamfuta, har shugaban makaranta ya fara zancen mayar da ɗakin sito, sai Baba ya ɗauko wani tsohon littafi ya koya wa kansa rubuta manhaja. Ya roƙi awa ɗaya kowace Laraba, aka ba shi.

Da rubuta wasan kwamfuta ya fara da ɗalibai: gida mai lunguna, bangonsa jerin harafin X, mutumin ciki harafin O, yana neman ƙofar fita. Kauthar, wadda yanzu take rubuta manhaja a wata ma'aikatar tarayya, ba ta manta ranarta ba. O ɗinta ratsa bango yake yi ya wuce abinsa, 'yan aji suna ta dariya wai ta ƙera aljani. Ta ɗauki jakarta.

"Baba, ni na haƙura. Kaina ba na wannan ba ne."

Bai taɓa kwamfutarta ba. Ya ja bencina ya jera su lungu-lungu.

"Zo, 'yata. Yau ke ce O. Taka."

Ta yi taku biyu, ta ja ta tsaya.

"Me ya tsayar da ke?"

"Na ga benci mana, Baba."

"Kafin ki taka kika gani, ko bayan kin taka?"

Sai ta koma kujerarta da gudu. Ashe a manhajarta matsar da O take fara yi, sannan ta duba. Ta juya abin: a fara duba gurbin da ke gaba, in X ne, kada ya motsa. O ya isa bango ya ƙame. Sau goma tana danna maɓallin, ya ƙi wucewa, ta saki ihun da ya fito da shugaban makaranta daga ofis. Daga ranar ba a sake zancen sito ba.

Kai ne, Baba, gwanin haƙuri, ka zauna da tsofaffin na'urori da yaran talakawa har suka zama abin da suka zama. Ba ka taɓa cewa kai ka yi ba. Mun gode. Duk wanda ya iya wani abu, ya yi koyi da kai, kada ya jira muƙami kafin ya koya wa na baya.

Ranar Juma'ar nan zai ajiye aiki. Ya ce Kafanchan zai koma, noman citta. Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya sa damina ta yi maka albarka.