Mainasara da Mashin ɗin Bube

Shekara goma sha bakwai ina ɗinki a Goronyo, kuma duk shekarun nan maƙwabcina shi ne Mainasara bakanike. Rumfarsa na manne da shagona, har tufafin da nake ɗinka wa mutane suna ƙamshin fetur. Gwani ne, ba na musu. Matsalarsa kawai baki. Idan ya gyara maka mashin cikin minti biyar, sai ya yi awa guda yana bayanin yadda ya gano cutar, kana tsaye rana na dukanka.

Da kunne yake aiki. Zai sa a tayar da mashin, ya rufe ido, ya karkata kai, sannan ya sa sukudireba a kafireta, wato inda mai da iska suke haɗuwa, ya murɗa kaɗan har ƙara ta daidaita. Yakan ce mashin ba ya ƙarya, mai shi ne ke yi.

Ana haka Bube, wani matashi Bafulatani mai dillancin shanu daga wajen Taloka, ya sayo wani sabon ƙaton mashin mai silinda biyu. Sati guda yana gudu lafiya, sai ya fara tari, yana baƙin hayaƙi, yana shan mai kamar rijiya ce a cikinsa. Mainasara ya saurara, ya ce mai ya yi wa iska yawa, ya rage. Kwana biyu Bube ya dawo yana turi. Mainasara ya wanke kafireta, ya canza fulogi. Bube ya sake dawowa, wannan karon a bayan motar albasa, shi da mashin ɗin.

Mutanen teburin mai shayi suka fara yi masa tsiya. Mujaheed, bakaniken da ke tsallaken titi, ya ce ƙananan mashina kawai Mainasara ya iya. Nan zuciya ta ɗebi maƙwabcina, ya rantse gaban kowa cewa idan ranar kasuwa ta wuce mashin ɗin nan bai tashi lafiya ba, zai rufe rumfa ya koma noman albasa. Ni kuwa na san ko bunu bai iya riƙewa ba, balle fartanya.

Kwana uku yana kwancewa yana ɗaurawa. Akwatin iska kaɗai bai buɗe ba, don ya ce sabon mashin ba ya toshewa a can. Ranar kasuwa da hantsi, Bube ya tafi wajen shanu, Mainasara ya buɗe akwatin don dai ya cika ƙa'ida. Sai ga laya ƙunshe cikin jar fata, girmanta ya kai tafin hannu, an cusa ta daidai bakin da iska ke shiga.

Ya miƙe yana dariya, zai ɗaga ta sama ya kira duk kasuwa. Kafin ya buɗe baki, wata tsohuwa mai tallan nono da ta daɗe zaune gefen shagona ta sauke ƙwaryarta, ta riƙe masa hannu. Ashe Inna Adawiyya ce, mahaifiyar Bube. Ta ce ita ta sa ta. Wan Bube a kan mashin ya rasu, a hanyar Rabah. Bube kuma ba ya son layu, duk wadda ya gani ƙonawa yake, har ya taɓa yin wata guda bai yi mata magana ba. Sai ta sa maƙwabci ya buɗe mata inda ba zai duba ba.

"Ɗana, kar ka hwaɗa mai," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage min."

Mainasara ya dubi layar, ya dubi rumfar Mujaheed. Ga labarin da zai yi shekara yana bayarwa, an ce ya haɗiye. Sai ya ciro sirdin mashin ya miƙo min, ya ce in farke, in sa layar cikin soso, in ɗinke yadda ba za a gane ba.

Da Bube ya dawo, kiki ɗaya ya buga da ƙafa mashin ya tashi, ƙararsa sumul. Mutane suka taru, Mujaheed na gaba, kowa ya gyara tsayuwa don jin dogon bayani.

"To, mi ad damuwatai?" in ji Mujaheed.

Mainasara ya goge hannu da tsumma, ya kalli ƙasa.

"Kuskurena na. Ni na ɗaure wani abu ba daidai ba tun hwarko."

Aka fashe da dariya. Har yau a teburin mai shayi ana kiransa Mai Kuskure, kuma manyan mashina da yawa sun koma tsallaken titi. Rumfarsa dai tana nan, amma sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi rana ɗaya.

Wani lokaci idan tsiyar ta yi yawa, sai ya shigo shagona, ya rufe ƙofa, ya ba ni labarin layar daga farko har ƙarshe, kamar ba a gabana aka yi ba. Nakan ajiye almakashi in saurara, don ni kaɗai yake da shi.