Wayar da Baba Ya Aiko wa Kaka

Ranar Juma'ar farko bayan yankan dawa, ina aji huɗu na firamare, wani direban Kwanar Dangora ya kawo wa Kaka saƙo daga Babana, wanda ke ci-rani a kudu. Waya ce 'yar ƙarama, ruwan azurfa, mai murfi kamar gwangwanin hoda. Ba kyamara, ba rediyo, sai madannai masu koren haske, da ɗan gilashi a bayan murfin mai nuna lokaci, da batirin da ke kwana biyar bai mutu ba. Kaka ko taɓa ta ba ta yi ba. Baba ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, balle ta kara muryarsa a kunne a gaban mutane. Kunyar ta shafe ni ni ma, sai ta tsallake ni ta ce a miƙa wa Ladi, 'yar baffana.

Kishi ya ci ni ƙwarai. Ubana ne ya saya, amma Ladi ce ke ɗaure ta a haɓar zane, ita ke kai ta caji wurin mai janareto, har tafiyarta ta canja. Ni kuwa ina ɓarar gyaɗa ina aika mata harara. Sau ɗaya a wata Baba ke fitowa daga gona ya sami sabis ya kira. Ladi ta buɗe, ta riƙa maimaita gaisuwarsa da ƙarfi, Kaka na gefe tana tsintar wake kamar ba ta ji. Kafin a zo kaina katinsa ya ƙare.

A kira na uku na kasa daurewa. Ina jin muryarsa na fizge wayar, na rufe, na ruga bayan rumbu, a tunanina na kulle maganar a ciki, ni kaɗai zan ji. Ban san rufe murfin shi ne kashe kiran ba. Na buɗe, shiru. Muka jira har la'asar bai sake kira ba. Ladi ta ce a daidai lokacin Baba cewa yake a ba ni wayar.

Kaka ba ta doke ni ba. Ta ture faifan waken, ta ce a hankali, "Ni ma da bakin Ladi nake jinsa. Yanzu sai wani watan."

Yau 'ya'yana na ganin fuskar kakansu a waya duk sanda suka so, har su ajiye shi yana magana su fita wasa. Ni dai har yanzu ba na iya riga kowa kashe kira.