Gishirin Gwaggo Biriskila

Gidajen Kirista takwas ne kacal a ƙauyen nan na gabas da Yankara, amma na Gwaggo Biriskila ya fi kowanne cika. Haihuwa, zazzaɓi, faɗan mata da miji, duk a tsakar gidanta ake sauke su. Ko akuyar Kirsimeti ba ta yarda a yanka sai ta kira Malam Yahuza maƙwabcinta ya sa wuƙa, don kowa ya ci. 'Yan zumuntar mata na coci suna tsokanarta wai ta mai da gidanta tasha. Takan ce Yesu bai taɓa tambayar mai yunwa daga ina yake ba.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, gari ya yanke shawara: kada wanda ya sayar ko ya ba mutanen daji ko da allura. Dokar ta haɗa har da Hussaina, Bafillatanar da ta shekara ashirin tana kawo wa Gwaggo nono, wadda ita ma ɓarayin suka kwashe wa shanu tas.

Wata Talata da hantsi Hussaina ta ɓullo ta bayan danga, ta rame kamar kara. Gishiri kawai ta roƙa. Gwaggo ta ɗebo mata, ta ƙara da sauran tuwo. Ba ta ko ɓoye ba, wannan ita ce wautarta.

Kwana uku bayan haka aka harbe Malam Yahuza a gonarsa. Nan take bakin gari ya zama ɗaya: Biriskila ce infoma. Matan da ta yanke wa 'ya'yansu cibi su ne suka fara rantsuwa sun ga buhu, ba ƙulli ba. Gide, shugaban 'yan sa-kai, ya ba ta zaɓi: ta faɗi inda Hussaina ke kwana, ko ta bar garin. Ta san abin da za su yi wa matar, sai ta ƙi faɗa.

Abin da ya fi ƙona mata rai daga cocinta ya fito. Dattawa suka zo, kai a sunkuye, suka ce ta dubi sauran gidaje bakwai, kada ta shigo sujada ran Lahadi. Tsoro ne, ta sani, amma ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ko gaisuwar mutuwar Yahuza ba a bar ta ta shiga ba.

Ran kasuwar Yankara ta hau motar Funtuwa da ƙullin kaya ɗaya. Ba wanda ya raka ta. Gide ne kawai ya zo ya tabbatar ta tafi, ya leƙo ta taga ya tambaye ta ko yanzu ta yi nadama.

"Na yi," in ji ta. "Rabin gwangwani na ba ta. Da na san shi ne na ƙarshe, da na cika mata."