Jaka Biyu da Hoton Inna Saratu

Alhamis: Funtuwa zuwa Malumfashi

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai waye ba, na fito daga gida da jaka ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu, maiɗakina Hajara na bina da dariya har zaure. Shekara goma sha biyu ke nan ina sana'ar hoto a Funtuwa, kuma duk tsawon lokacin nan jakar fata ta rataye nake ɗauka, har tela ya ce kafaɗata ta dama ta sauka da inci guda. Ɗayar kuwa jakar goyo ce irin ta soja, ƙanen Hajara ya ba ni bayan ya bar aiki. Wata uku tana rataye a ƙusa. Ni da gemuna in goya kaya a baya in ratsa kasuwa? Na ce sai dai wani.

Dalilin tafiyar shi ne Malam Yohanna, malamin firamare, maƙwabcin shagona. Mahaifiyarsa, Inna Saratu, gwiwa ta fara ba ta wahala, an yanke shawara wannan kakar ce ta ƙarshe da za ta yi a ƙauye, za ta dawo wurinsa. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Ya ce, "Malam Sani, guda ɗaya nake so, amma wanda in na duba zan ce ga Inna." Ya kuma gargaɗe ni cewa daga garin Dayi zuwa ƙauyen akwai mil shida a ƙasa, shi ya sa na haƙura na sauko da jakar soja. Fim ya yi wuya a lokacin, ɗaya tal ya rage mini, mai hoto goma sha biyu.

Ni da Malam Yohanna muka shiga kiya-kiya a tasha, kwabo sittin kowa, muka tashi shida da rabi. A mota kam jakar rataye ba ta da na biyu: na ɗora ta a cinya, kyamara da fitilarta ta filas suna ƙarƙashin hannuna. Bayan Bakori muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya leƙo, ya ga jakar soja.

"Ta wane ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Mai hoto ne."

Ya buɗe, ya ga ƙafa uku ta ƙarfe ta ɗora kyamara da labulena mai zanen gidan bene. Ya gyara hula, ya ce ko zan ɗauke shi. Na ce fim na wata tsohuwa ne. Ya ce tsohuwa ta fi shi, mu wuce.

Takwas da minti goma muka sauka a Malumfashi, wajen mil talatin. Muka karya da ƙosai da koko na sule ɗaya.

Malumfashi zuwa Dayi, da tafiyar ƙasa

Akori-kura muka samu, ta gama sauke auduga, kwabo talatin. Sha ɗaya saura muna Dayi. Daga nan sai ƙafa.

Mil na farko na yi shi da taurin kai, jakar rataye a dama, ta soja a hannun hagu kamar mai kai kaza kasuwa. A mil na biyu wuyana ya ƙage. Malam Yohanna ya ce, "Malam Sani, nan ba wanda ya san ka." Na waiga gabas da yamma, na ga daga mu sai karan dawa, na zuba komai cikin jakar soja, har da ta ratayen, na goya. Kai! Ashe haka mutane ke jin daɗi? Hannuwana biyu suka zama nawa. Muka tsallake rafi ina riƙe da takalma, muka yi ta hira. Na ji haushin shekara goma sha biyun da na yi ina tafiya a karkace.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka hango gidan, rumbuna huɗu da wata tsamiya babba. A daidai nan wata 'yar tsohuwa ta fito daga gona da damin dawa a kafaɗa. A gidan Maguzawa aka haife ta kafin su karɓi addinin Kirista, kuma matan wajen ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa da doron wuya suke ɗauka. Tana ganina ta tsaya cak, ta kece da dariya har dami na rawa.

"Yohanna, ina ka samo namiji da goyo? Ga ƙafafun jaririn ma a waje!"

Malam Yohanna ya damƙe hannuna. "Ga ta nan! Haka nake so, ɗauka!"

Ina? Kyamara tana can ƙasan jaka, cikin wata jakar. Kafin in kwance maɗauri biyu in fitar da labule, Inna ta sauke dami ta shige gida neman ruwan baƙi. Na tsaya da labule a hannu kamar wawa.

Gidan Inna

Bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka, na yi la'asar a gindin tsamiya bisa tabarmar da suka shimfiɗa mini, sai na kafa labule. Inna ta fito da ɗankwalin zuwa coci da littafin waƙoƙi, ta zauna a kujera ta ɗaure fuska kamar an kira ta gaban alƙali. Na yi barkwanci, ko gezau. Na ɗauki uku. Sai 'yan'uwa suka taso, wannan da matarsa, wancan da kekensa, kuma ba a cewa a'a a gidan da aka ci tuwo. Kafin rana ta faɗi na ƙone goma sha ɗaya.

Malam Yohanna ya leƙa gilashin saman kyamara lokacin da take zaune, ya dawo gefe ya ce a hankali, "Wannan ba Inna ba ce. Kuma ba ta taɓa ganin gidan bene ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Ina haɗa kaya sai ga ta a kaina, ta riga ta cire ɗankwalin.

"Ɗan nan, wa ya koya maka ɗaurin kaya? Tsumman nan shi za ka sa ta bayanka, ƙarfe ya biyo. Abin da za ka nema da sauri kuma ba ya shiga goyo." Ta danna kafaɗata ta dama da yatsa. "Wannan ita kaɗai ka bari tana bauta. Mu juyawa muke yi."

Na ce, "Na gode, Inna. Gobe akwai sauran dawa a gona?"

"Dami uku. Ni zan kawo na ƙarshe da kaina, kowa ya sani."

Juma'a

Ƙarfe bakwai da rabi na tsaya kusa da rumbu. Kyamara kaɗai na sa a jakar rataye, a hagu wannan karon, bakinta a buɗe. Jakar soja kuwa na goya ta, na bar ƙafafun ƙarfen sun leƙo da gangan. Mutanen gida suka taru suna kallo. Na hango Inna tafe a hankali da dami, fuskarta ba walwala, don ta san na ƙarshe ne.

Na ce a raina, Sani, girmanka ko hoton? Sai na fara jijjiga goyon, ina bubbuga shi ta baya ina rarrashi, kamar yadda Hajara ke yi wa autarmu. Gida ya kaure da shewa. Inna ta ɗago, ta gan ni, dariya ta ƙwace mata. Hannuna ya riga ya shiga jaka. Ƙyas! Na goma sha biyu ya tafi.

Mun baro gidan tara, da kyautar gyaɗa kwano biyu, ita ma ta shiga goyo. Sha ɗaya da rabi muna Dayi, kuma ban sauke jakar ba har cikin tasha, masu kallo suka kalla. Na samu Juma'a a Malumfashi, Malam Yohanna na gadin kaya a rumfar mai shayi. Biyar da kwata muka iso Funtuwa lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen gidan da suka karɓe ni kamar nasu. Ga abokan sana'a masu tambayata wacce jaka ta fi, tun ranar da biyun nake fita: kayan nauyi a baya, kyamara a gefe.

Asabar na wanke fim. Na goma sha biyu ya fito tas. Malam Yohanna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in yi masa babba.

Bayan mako biyu aka kawo Inna Funtuwa, ya riƙo hannunta har shagona. Na miƙa mata hoton ina jiran ta yaba dariyarta. Ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Ta kai yatsa bayan kafaɗarta a cikin hoton, ta shafa rumbu, ta shafa tsamiya.

"Ashe har da gidan ka ɗauko mini," in ji ta. Ta nannaɗe shi a gefen zane, ta ce wa ɗanta nasa sai a wanke masa wani.