Ranar da Na Fassara Laifina da Bakina

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Madina, har da sunayen wasu malamanmu, amma abin da ya faru a ɗakin kakata wata Juma'a, ina da shekara goma sha shida, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi tiryan-tiryan. Ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ko da ma na so mantawa, akwai mutum biyu a danginmu da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini duk Sallah.

A unguwar Anbariyya gidanmu yake, bene mai hawa uku. Baffa, ƙanen babanmu, yana sama da iyalinsa, mu muna tsakiya, Kaka tana ƙasa saboda gwiwarta ba ta son matakala. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita aikin Hajji daga Kano, suka zauna, ba su koma ba. Tana da doka ɗaya a ɗakinta: ka gaishe ta da Larabci in ka ga dama, amma in roƙonta za ka yi, ko da dabino ɗaya ne, sai da Hausa. Mu 'yan matan gidan uku ne, ni da ƙanwata da 'yar Baffa. Su biyun suna jin Hausa sarai, amma in suka buɗe baki Larabci ke fitowa. Ni kuwa a ɗakin Kaka na yi wayo, don haka bakina ya faɗa. Duk wata buƙata ni ake turawa, ni kuma ina jin kaina kamar jakadiya.

Kullum bayan la'asar a gaban talabijin ɗin Kaka muke taruwa, mu kalli wani katun na Japan, irin wanda yaran yanzu ke kira anime, an juya shi zuwa Larabcin littafi. Kaka ta ce ita ba ta jin wannan Larabcin mai tsauri, don haka ni ce tafintarta. Labarin wasu abokai biyar ne da suka fita ƙwato garinsu daga hannun maƙiya. A cikinsu akwai wani siriri mai laushin murya, ba ya riƙe takobi, shi ke ɗaure musu rauni, shi ke zuba musu shayi. Sai ya keɓe ɗaya ya ce masa, “Kai kaɗai na yarda da kai,” gobe ya keɓe wani ya faɗa masa haka. Bai taɓa yin ƙarya tsagwaronta ba. Gaskiya yake ɗauka ya yanke mata ƙafa ɗaya, ya miƙa wa mutum, ya koma gefe yana murmushi.

Ranar da asirinsa ya tonu, ya bar abokan suna faɗa da juna a kan wata gadar igiya, ya tsallake shi kaɗai da makullin garin, ya yanke igiyar. Ƙanwata ta fashe da kuka. 'Yar Baffa, wadda dama zuciyarta a kusa take, ta jefi talabijin da matashin kai. Kaka ta cire ƙwallon dabino daga bakinta ta ce, “Ni tun da na ga yana zuba wa kowa shayi shi ba ya sha, na san munafuki ne.” Ni kuwa, Allah ya yafe mini, burge ni ya yi. Na ce a raina, kai, ga mai ƙwaƙwalwa, sauran duk ƙarfi ne kawai da ihu.

Ba a yi sati biyu ba labari ya fito daga kicin, inda duk labaran gidanmu ke fitowa: Kaka za ta je Kano a hutun bazara ta ga yayarta da ta tsufa, kuma wai za ta tafi da jika ɗaya mai riƙe mata jaka da magani. Babu wadda ta taɓa taka Kano a cikinmu. A bakin Kaka muka san ta, sai kuma a ƙullin yaji da kilishi da alhazai ke kawo mana. Ni dai ji na yi in ban shiga jirgin nan ba, zan iya yin ciwo.

Muka hau rufin gida mu uku, wajen igiyar shanya, muka yi taro. 'Yar Baffa ce ta kawo shawara. Ta ce, “Halas, shi ke nan, magana ɗaya ce. Ko mu uku, ko ba kowa. Ke za ki je ki roƙa mana.” Muka ɗora hannu a kan hannu yadda abokan nan biyar ke yi. Na rantse har da dafa ƙirji.

Ina saukowa daga benen na fara lissafi. Kujera uku a jirgi ba wasa ba ce. In na roƙa mana duka, cewa za a yi a'a, mu tashi a tutar babu. In kuma ɗaya za a zaɓa, ƙanwata ce 'yar lelen Kaka, 'yar Baffa kuma ubanta ne ke aiki a ofishin tafiye-tafiye, shi zai yanki tikitin. Ni bakina kawai nake da shi. To, sai na yi aiki da bakin.

Da ƙanwata na fara, don ita ko ka ce mata an sayar da dutsen Uhudu za ta tambaye ka wa ya saya. Na same ta tana guga, na kashe murya na ce, “Kin san jiya 'yar Baffa ta daɗe a ɗakin Kaka tana matsa mata ƙafa?” Gaskiya ne, ta matsa, amma Kaka ce ta kira ta, tana yi tana ƙunƙuni. Wannan ɓangaren na bar shi a aljihuna. Idon ƙanwata ya kawo ruwa. Na dafa ta na ce, “Ke kaɗai na yarda da ke a gidan nan.” Ta ce, “Wallah in dai haka ne gara ke ki tafi da ita ta tafi.” Na yi kamar maganar ta yi mini nauyi.

Washegari na hau sama wajen 'yar Baffa. Na ce mata na ji ƙanwata tana tambayar Umma inda fasfonta yake. Wannan ma gaskiya ne, sai dai tun kafin taronmu ta tambaya. 'Yar Baffa ta miƙe tsaye. “Esh? Me? Wannan mai fuskar salihan?” Da ƙyar na riƙe ta, don in ta sauka ta tunkare ta, shirina ya rushe. Na ce ta yi haƙuri, kada ta nuna ta sani, ita kaɗai na yarda da ita. Ta ce, “Ki je ki karɓe kujerar, in ga ta inda za ta bi.”

Kwana huɗu ba su yi wa juna magana ba. A gaban talabijin ɗaya ta zauna a wannan bango, ɗaya a wancan, ni a tsakiya ina fassara, kowacce tana satar kallona tana yi mini alamar muna tare. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na riƙa ji har cikin raina.

Rana ta biyar na dafa shayi da na'ana'a, na jera a faranti, na kai wa Kaka, na durƙusa. Na ce, “Kaka, kan maganar tafiya ce. Ƙanwata tana so, baiwar Allah, amma kin san jikinta, sauro ɗaya ya cije ta sai asibiti. 'Yar Baffa kuma ga ƙoƙari, sai dai zuciya, kada ta je ta ba ki kunya a gaban dangi. Su da kansu suka ce in na tafi ya wadatar.” Kaka ta kurɓi shayin, ta dube ni ta saman kofi, ta daɗe. Sannan ta ce, “To, madalla. Je ki haɗa kayanki.”

Na haɗa kuwa. Na kwashe 'yan kuɗin da nake tarawa na tafi shagunan da ke kusa da Harami, na sayo tasbaha da turare da kwalli da dabinon ajwa, tsarabar mutanen Kano. Har tsayawa nake gaban madubi ina gwada yadda zan gaishe da yayar Kaka.

Ranar Juma'a, bayan maza sun dawo daga masallaci, aka ci abinci a ɗakin Kaka kamar kullum. Babanmu yana nan, Baffa da matarsa suna nan, Umma tana kwashe kwanuka. Kaka ta ce kowa ya zauna. Ta ce, “Yau na ɗage dokata. Ku biyun nan masu gaba, kowacce ta faɗi abin da ke cinta, da Larabcinku. Ga tafintata nan, za ta juya mini.”

Na matso na zauna a tsakaninsu. Ƙanwata ta fara, tana magana tana jan majina: an ce mata 'yar Baffa tana zuwa matsa ƙafa a ɓoye don a tafi da ita. Kaka ta juyo gare ni. Na ce, “Wai... ta ce ta ji wani labari ne a gida.”

“Ba haka ta ce ba,” in ji Kaka. “Ta faɗi wanda ya gaya mata. Juya mini daidai.”

Na ɗago na dube ta. Ta ce, “Me kike kallo? Na fi shekara sittin a garin Manzo, kina tsammanin akwai Larabcin da zai wuce ni? Don bakinki ya saba nake sa ki fassara. Ci gaba.”

Haka na zauna a gaban iyayena, na riƙa ɗauko laifina daga Larabci ina sauke shi a Hausa, jimla bayan jimla. “Ta ce ni na gaya mata.” “Ta ce na ce ita kaɗai na yarda da ita.” Da 'yar Baffa ta ji wannan sai ta daka tsalle. “Ni ma haka ta ce mini! Wallahil azim, kalma ɗaya!” Kaka ta ce, “Fassara.” Na fassara. Duk inda na ɗan sassauta, sai ta gyara mini kamar malamar aji. Baffa ya rufe bakinsa da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Babanmu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da aka gama Kaka ta ce, “Ja'ira. Shekara goma sha shida ba ki taɓa kawo mini shayi ba sai na kira sau uku. Ranar nan sai ga shi har da na'ana'a, ke kuma ba ki sha ba. Tare fa muka kalli mutumin nan.” Sai ta miƙa wa Baffa hannu, ya zaro wata ambulan daga aljihu. Ta buɗe ta a kan cinyarta, ta jera takardu huɗu.

“Tun kafin maganar ta kai kicin na sa ya kama mana kujeru. Ni da ku uku. Jira kawai nake ku zo ku roƙa da Hausa, in ja muku rai kwana biyu, in ce to. An aiko ki da saƙon mutum uku, kika kawo mini na mutum ɗaya.” Ta ɗauki takarda ɗaya ta miƙa wa Baffa. “Wannan a canza suna, a sa matarka. Tsarabar da kika saya kuma ki kawo, za mu isar miki.”

Na yi kuka, na yi roƙo da Hausa mafi daɗi da na iya, har da kirarin da take so. Kaka ta ce Hausar ta yi kyau, amma a'a.

Wata guda suka yi. Ni ina Madina cikin zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ina wanke-wanken gida biyu. Suka dawo da lalle har gwiwar hannu, da wasu barkwanci da su kaɗai suka san ma'anarsu, sun zama aminan da ba a raba su. Abin haushi, bakinsu ya buɗe. Ranar da na ji 'yar Baffa ta shiga ɗakin Kaka tana cewa, “Kaka, ki ba ni turarenki,” da Hausa tas, na san jakadancina ma ya ƙare.

Sun yafe mini tuntuni, in ban da tsokanar Sallah. Amma Kaka ba ta sake zuwa Kano ba, gwiwar ta hana, har Allah ya karɓi abarsa. Sai bayan shekaru da yawa na je da mijina. Wata mata da ban sani ba ta nuna mini wani ɗaki ta ce nan aka haifi kakarki. Na tsaya ina kallon bango. A waccan tafiyar, ƙanwata da 'yar Baffa sun tsaya a wannan ƙofar hannunsu cikin na Kaka, ta nuna musu inda take ɓuya in ta yi laifi, da inda uwarta ke ajiye tukunya. Ni bango kawai na gani.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. In mutane suka yarda da kai har suka ba ka bakinsu, ka faɗi abin da suka aike ka, ko da kana ganin ka fi su wayo. Ni na zauna na ƙulla makirci na kwana biyar don in ƙwaci kujerar da tun farko da sunana a kanta, kuma da bakina na sauke kaina daga jirgin.