Keken da Aka Ba Yaya Sale Aka Ƙwace

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa, a ƙauyenmu da ke gefen garin Babban Mutum. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Na sha maganin nan har na gaji, ciwon bai tafi ba.

Yaya Sale mai haƙa rijiya ne na gwamnati. Wata rana rijiya ta rufta da shi, aka zaro shi da rai, amma ƙafafu sun mutu. Da aka nemi diyya sai aka ce ai shi leburan yini ne, dokar diyya ba ta san da zamansa ba. Bai yi kuka ba. Ya sa masassaƙi ya yi masa takalman hannu na katako, ya riƙa dafa ƙasa da su yana jan jiki zuwa masallaci da kasuwa, yana tsokanar duk wanda ya gamu da shi.

Yakan ba ni labarin zamanin En'e, lokacin da ake tara hatsi a rumbun tsimi saboda shekarar yunwa, kuma akwai gidan gajiyayyu inda mara kowa zai samu tuwo. Ba ya cewa zamanin na adalci ne, don ya ga yadda ake dukan mutane a kan haraji. Abin da yake faɗi shi ne, a da in an ce za a ba ka, to za ka gani a ƙwaryarka. Saboda haka da aka buɗe ofishin jin daɗin jama'a, shi ya fi kowa yarda da shi.

Wata shekara, ina can Legas cirani, wani jami'in ofishin ya zo da mota ya kwashi guragu zuwa Daura, wai za a raba musu keken guragu. Don murna, tun kafin a tashi Yaya ya cire takalman hannunsa ya ba wani gurgu da ba a ɗauka ba, ya ce shi kam ya gama da su. A wurin taro aka ɗora shi a kan sabon keke, aka tafa, aka ɗauki hoto, manyan baƙi suka sha hannu da shi. Baƙi na juya baya, jami'in nan ya sa aka sauke su ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da kekunan cikin mota. Ashe akwai wani taron a wani gari, kuma kekunan su ne dai za a sake rabawa. Motar ta tafi ta bar su a filin.

Da tafin hannunsa tsirara ya ja jiki a kan kwalta, da tsakar rana a cikin bazara, har tasha. Da na dawo na tarar hannayen sun saɓule, an naɗe su da tsumma. Hannu ya warke, amma Yaya bai ƙara fita ƙofar gida ba. Mutumin da ba ya rasa abin dariya ya koma kallon bango har ya rasu. Ni dai na san abin da ya kashe shi, kuma ba rijiya ba ce.

Yau tallafi ya ƙaru. Ga katin inshorar lafiya, ga ciyarwa a makarantu, ga kuɗin da ake turowa ta waya. Ban ce babu mai amfana ba, na ga waɗanda suka amfana. Sai dai in na ga an jera tsofaffi a rana ana ɗaukar su hoto da buhu a gabansu, nakan tuna taron Daura. Na san da Yaya yana nan tambaya ɗaya zai yi: buhun zai bi su gida?

Makon jiya sai ga sallama a zaurena. Jami'in nan ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya samu kujerar Makka, yana zagayen neman gafara kamar yadda maniyyata suke yi. Alhaki kwikwiyo ne, ashe ya san hanyar gidanmu.

"Malam Idi, don girman Allah a yafe mini. Umarni aka ba ni daga sama."

"Ni ka ƙwace wa keke?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"To ka yi ɓatan kai. Mai haƙƙin yana maƙabarta, bayan gari. Je ka roƙe shi, in ya amsa ka dawo ka gaya mini."

Liman ya yi mini faɗa daga baya, matata ma ta ce na yi tsauri. Na kuma san da Yaya ne, da ya yafe tun kafin mutumin ya rufe baki, har ya sa a kawo masa fura. Wannan halin nasa ne, ya tafi da abinsa, ni ban gada ba. Abin da ya bar mini shi ne haƙƙinsa, kuma ba nawa ba ne balle in yi kyauta da shi.

Allah ya kai alhaji lafiya, ya dawo da shi lafiya. Ya ƙara masa tsawon rai ma, don ya daɗe yana tunani. Shari'ar tana nan inda babu mai cewa umarni aka ba shi daga sama, kuma ni da na ga hannayen nan, ni ne shaida.